Amsoshin Tambayoyinku: Masu Zane da Sirrin Zuciya

Wata mai sauraronmu daga Ɗambatta ta ce: me ya sa masu zanen zamani ke fito da sha'anin mace da namiji da damuwar zuciya, abin da mu kunya ke rufewa? Kuma akwai irinsu a Najeriya?

To Malama, tushen abin daga Turai ne. Likitan nan na Ostiriya, Sigmund Freud, ya ce sha'awa da tsoron da mutum ya danne kan ɓullo a mafarki. Masu zane irin su Salvador Dali suka ɗauka, har Dali ya je Landan ya gana da Freud a 1938. Ita kuwa Frida Kahlo 'yar Meziko, ta zana kanta a 1932 kwance kan gadon asibiti bayan ta yi ɓari, jini a zanin gado. Duk macen da ta taɓa rasa ciki ba ta buƙatar mai fassara.

Cikin 'yan gida akwai Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, da aka haifa a Inugu a 1983. Takan zana kanta da mijinta Ba'amurke cikin ɗaka, sannan ta shimfiɗa hotunan mujallun Najeriya a bango da tufafi, har kan fatar jiki, don nuna kewar gida. A ganina nata ya fi shiga rai, domin ba ta yar da kunya ba.

Malama, sai mun ji wata tambayar daga gare ki.