Bakin Baba ya karkace, sai kuma ya dawo daidai

Anti, ranar Juma'a mahaifinmu yana cikin alwala buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Kafin a samo mota ya warware sarai. Goggonmu ta ce shafar iska ce. Yayana kuwa ya karanta cewa akwai magungunan da ke gyara sinadaran ƙwaƙwalwa, yana so mu sayo a kemis. Ina mafita?

'Yarki daga Zariya

'Yata, Allah ya ba Baba lafiya. Ku kai shi asibiti yau, warwarewar nan kada ta ruɗe ku. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ɗaukewar jini ta ɗan lokaci: gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, sannan ya narke da kansa. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki na biye da shi, kuma kwana biyun farko sun fi haɗari.

Maganar yayanki tana da tushe, sai dai rabin labarin ya karanta. Idan jini ya yanke, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan zubo da wani sinadarin aika saƙo mai suna gulutamet fiye da kima, shi kuma ya yi ta zuga maƙwabtansu har su mutu. Masana suka ce to a toshe masa hanya. A jikin ɓeraye abin ya yi kyau matuƙa. Da aka zo kan mutane a shekarun 1990, magungunan toshewar, selfotel da aptiganel, ba su tsinana komai ba, har aka dakatar da gwajin selfotel don gudun illa. An kuma gwada fluoxetine, maganin ciwon damuwa, kan masu shanyewar jiki sama da 3,000 a Birtaniya. Sakamakon 2018 ya nuna gaɓoɓinsu ba su ƙara warwarewa ba, damuwa ta ragu, karayar ƙashi ta ƙaru. Mai kemis ba zai zauna ya gaya muku wannan ba.

Abin da ya yi aiki ba shi da wani kwarjini. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2007 ya gano cewa fara magani nan take, wato asfirin da maganin hawan jini da na kitse, ya rage aukuwar shanyewar jiki da kusan kashi 80 cikin ɗari. Amma likita ne zai rubuta, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, an auna suga da bugun zuciya, don idan jijiya ce ta fashe asfirin ƙara ɓarna zai yi.

Goggo kuwa kada ki yi gardama da ita, ta shiga mota ta yi masa tofi a hanya. Idan abin ya sake tasowa, ku duba agogo ku riƙe lokacin da ya fara, domin allurar narkar da gudan jini a cikin awa huɗu da rabi ake yin ta.