Yadda Ake Zama Da 'Yan Burgar LinkedIn Ba Tare Da Ranka Ya Ɓaci Ba

Shawara biyu ake yawan ba matashin da ya gaji da burgar mutanen LinkedIn, kuma duka biyun ba sa kai shi ko'ina. Wasu su ce ya goge manhajar ya huta, wasu su ce shi ma ya shiga sahu ya fara bugun ƙirji. Mai cewa a goge bai taɓa neman aiki a ƙungiyoyin agaji ko kamfanonin fasaha ba, domin a can ake tallata guraben, a can kuma masu ɗaukar ma'aikata ke leƙa tarihin mutum. Dandalin da Microsoft ya zuba dala biliyan 26.2 ya saya a 2016, wanda masu rajista a cikinsa suka kai biliyan ɗaya a 2023, ba wurin da mai neman abinci zai yi wa yaji ba ne. Zama da su ya zama dole, kuma dariya ce ke sauƙaƙa zaman, muddin ka san abin da za ka yi wa ita da inda za ka yi ta.

Fara da ƙayyade lokaci. Rubu'in awa da rana ya isa. Kada ka buɗe shi da dare kana kwance, balle a makon da aka ce ba a ɗauke ka aiki ba.

Gane 'yan burgar ba wuya. Akwai mai jera muƙami bakwai a ƙarƙashin sunansa har ya cinye haruffa 220 ɗin da aka tanada. Akwai wanda ya yi kwas ɗin sati shida ta intanet ya rubuta Harvard a wurin makaranta, bai faɗi sauran bayanin ba. Akwai mai ba da labarin yadda mai shayi ya koya masa sirrin shugabanci, kowace jimla a layinta. Wannan salon ma da dalili: layukan farko kaɗai manhajar ke nunawa, sai ka latsa ka ga saura, latsawar kuma ita ke gaya wa na'ura cewa rubutun na jan mutane. A watan Agustan 2022 har shugaban wani kamfanin talla a Amurka ya sallami ma'aikata, ya ɗauki hoton fuskarsa yana hawaye ya ɗora.

Yanzu ga matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne ba a koyarwa. Duk rubutun da ya sa ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, kada ka wuce shi da sauri, domin nauyin zai bi ka. Tsaya ka tace shi zuwa jimla ɗaya tak da Hausar gida: wa ya yi me, a ina, da kuɗin wa.

Ga misali irin wanda za ka gani kowane mako. Mutum tsaye cikin kwat a gaban allon taro, igiyar shaida a wuyansa. Rubutun ya fara da cewa cikin ƙanƙan da kai yake sanar da duniya ya gana da manyan masu ruwa da tsaki a Abuja domin tsara makomar nahiyar Afirka, sai darussa biyar da ya koya, sai tambayar ko mun yarda. Tace shi. Abin da zai rage: ya sayi tikitin taro, ya zauna a kujera, ya yi hoto. A daidai nan dariyar ke zuwa da kanta, nauyin ƙirjin kuma ya sauka, don ka ga ashe da abin da kai ma ka yi bara kake auna kanka har kake ganin an bar ka a baya. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Sai dai tacewar tana buƙatar adalci, kuma a nan da yawa ke zamewa. Wani lokaci ka tace rubutu ka tarar da abu mai nauyi a ƙasa. Yarinya daga Gusau ta samu tallafin karatu na Chevening zuwa Ingila, ta rubuta da zumuɗi, kalmomin sun yi mata yawa. Wannan murna ce, kuma ta cancanci ta yi ta. Yi mata barka da zuciya ɗaya. In ka ji kana son yi mata dariya, hassada ce ke leƙowa, ka nemi tsari daga gare ta. Wani lokacin kuma mai burgar ne da gaske, amma a cikin surutunsa akwai sunan wani shiri da ranar rufe karɓar takardu. Kwafe wannan a littafinka, ka bar masa sauran.

Batun inda za ka yi dariyar, ina roƙonka ka saurare ni da kyau. Kada ka yi ta a ƙarƙashin rubutun. Duk sharhin da ka yi da duk alamar da ka latsa suna iya bayyana a gaban abokan hulɗarka, kuma suna nan a ajiye a shafinka inda mai son ɗaukarka aiki zai gani. A 2022 aka ƙara alamar dariya a cikin alamomin, to kada hannunka ya kai gare ta a kan rubutun da mai shi bai yi don raha ba. Ka ci masa fuska, ka ƙara wa rubutun nasa tafiya, sannan ka bar shaida a kanka. Masu aiki a fanni ɗaya a Kano ko Kaduna ba su da yawan da kake tsammani, wanda ka yi wa shaguɓe yau yana iya zama a teburin tantancewa gobe.

Samu aboki ɗaya ko biyu da ke cikin irin halinka. Wasan da na fi so shi ne wani ya karanta rubutun da ƙarfi da muryar sanƙira, ɗayan ya fassara kowace jimla zuwa abin da ya faru a zahiri. In za ka tura hoton rubutun a WhatsApp, rufe suna da fuska da sunan ma'aikata tukuna, kuma kada ka jefa shi a babban zaure. Salon ake yi wa dariya. Da zarar hira ta koma kan mutumin da iyalinsa da yadda ya samu aikin, an shiga giba, a tashi.

Wanda ya ishe ka, latsa ɗigo ukun da ke saman rubutunsa ka zaɓi Unfollow. Kuna nan a haɗe, ba za a sanar da shi ba, kai kuma ka huta. Ka kuma sani cewa LinkedIn na gaya wa mutum waɗanda suka leƙa shafinsa, don haka in za ka je binciken muƙaman nan bakwai, shiga saituna ka ɓoye kanka tukuna. Farashin haka shi ne kai ma za ka daina ganin masu leƙa naka. Kada wannan ya ja ka zuwa tsarinsu na Premium. Kuɗi ake biya duk wata, watan gwajin da suke bayarwa kyauta kuma sai ka sa katin banki, ka manta ranar ƙarewa su cire kuɗinsu.

Wuri ɗaya ne dariya ba ta da gurbi. Idan mai muƙamai ya biyo ka ta saƙo yana neman kuɗin horo, ko kuɗin fom, ko kuɗin wata lambar yabo da aka ce ka ci, nemi sunan kamfaninsa a shafin binciken Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. In babu shi, toshe shi ka kai rahotonsa. Ko yana nan, aikin ƙwarai ba a sayen sa.

Ranar da taka nasarar ta zo, sanar da ita, kada kunya ta hana ka. Layi uku sun isa: abin da ka samu, a ina, da waɗanda suka taimake ka, da sunayensu. Muƙami ɗaya a ƙarƙashin sunanka, wanda in aka kira ofishin za a ce e, ma'aikacinmu ne. Kafin ka latsa turawa, tace naka rubutun yadda ka saba tace na wasu, ka goge duk abin da bai tsira ba.