Darasi: A Karanta Lambar Taya Kafin a Saya

Keke shi ne dokin talaka. Da shi ake zuwa gona da kasuwa da asibiti. Amma wani yakan sayo sabuwar taya ranar kasuwa, ya zo gida ta ƙi zama a wili. Ga asarar kuɗi, ga jiran wata kasuwar.

Maganin wannan yana jikin tsohuwar tayar. A gefenta akwai lambobi. Babban keke irin na ɗaukar kaya yakan nuna 28 x 1½. Lamba 28 tsayin taya ne da inci. Lamba 1½ kaurinta ne.

Sai dai a lura. Wata tayar keken tsere ma ana rubuta mata 28, alhali ba girmansu ɗaya ba. Saboda haka a nemi lamba ta biyu, wadda ke da ɗan layi a tsakiya. Ta babban keke ita ce 40-635. Ta keken tsere takan zama 25-622. Lambar ƙarshe faɗin bakin wili ce da milimita. Taya mai 622 ba ta shiga wili mai 635.

Lambar ranar ƙira kuwa, kowane kamfanin tayar keke da irin tasa. Don haka a matsa robar da hannu. In ta bushe ko ta tsattsage, ta daɗe a ajiye, a bar ta.

Aiki: Kowane ɗalibi ya kwafi lambar tayar wani keke a littafinsa, ya kawo aji.