Su Wane Ne Ke Aikin Gandun Daji? Magana ga Matasan Darki da Iyayensu

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, wayata ba ta hutawa. Yawanci iyaye ne daga gida Darki, wani lokaci daga Utai ko Lajawa ko cikin garin Wudil. Tambayar ba ta canjawa: "Malam, yaron nan likitanci ya nema, sai aka tura shi fannin gandun daji da namun dawa. Ya karɓa, ko ya haƙura sai baɗi?" Daga muryar mai tambayar za ka ji kamar jaje yake jira a yi masa. Na daɗe a wannan aiki, na kwana a daji, na zauna a ofis, don haka na ga gara in rubuta amsar a fili kowa ya karanta.

Abin da yawancin dattawanmu suka sani shi ne malamin daji na zamanin En'e, mai kaki da keke, wanda ke ƙwace gatari ya ci mutum tara. Har yau shi ake hangowa idan an ambaci aikinmu. To, aikin ya wuce nan tuntuni, kuma ya matso kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil, kaso mai yawa nasa ta dajin Falgore ya ratso. Kogin Kano ne ya ɗauko shi, ya taru a madatsar Tiga, ya haɗu da Kogin Chalawa, sannan ya iso mana. Daga nan ya nausa gabas har fadamun Haɗeja da Nguru, inda gandun Baturiya yake. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara gandayen daji na ƙasa guda goma, kuma Falgore da fadamun Haɗeja duk suna ciki, tare da Kogo ta jihar Katsina da Allawa ta jihar Neja. Ke nan mu mutanen Wudil muna zaune tsakanin biyu daga cikinsu, a bakin kogi ɗaya. Kafin nan guda bakwai ne a hannun hukumar gandayen daji ta ƙasa, wadda aka kafa a 1991: Tafkin Kainji, wanda shi ne na farko tun 1979, sai Gashaka-Gumti da ya fi kowanne girma, da Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, da na Tafkin Chadi, da Kuros Riba, da Tsohuwar Oyo, da Okomu. Yankari ma ta taɓa zama a cikinsu, jihar Bauchi ta karɓi abarta a 2006. Na sani, sa hannu a takarda daban, miƙa daji da ɗaukar ma'aikata daban, kuma aikin gwamnati ba ya sauri. Amma ranar da aka tashi ɗauka, zan so a ce akwai 'ya'yanmu masu takardar da ake nema.

Bari in faɗa muku irin mutanen da na tarar a aikin.

Wanda ya fi kowa koya mini daji bai gama firamare ba. Jikan wani sarkin baka ne, ya tashi da kwari da baka, ya yi farauta har ya gaji kafin a ɗauke shi aikin sintiri. In muna tafe sai ya tsaya cak, ya nuna ƙasa ya ce gwanki ne, ba kanki ba, kuma da asuba ya wuce, don raɓa ta sauka a gefen sawun ba ta sauka a cikinsa ba. Ya tura yatsa cikin tokar murhun da maharba suka bari ya ce jiya suka tashi, su uku ne, ɗayansu yana ɗingishi. Ya san mashayar da ake ɗana tarkon waya, ya san a wace bishiya ake rataye nama a kyafe shi, saboda shi ma ya yi. Babu jami'ar da ke koyar da wannan. Shi ya sa a wurare kamar Yankari da Gashaka-Gumti ake ɗaukar masu sintiri daga ƙauyukan da ke kewaye da dajin. Akwai masu cewa an bai wa kura ajiyar nama, kuma ba zan ce maganarsu ba ta da tushe ba. Abin da na gani dai shi ne, tsohon maharbin da ake biya a kan lokaci, aka kuma haɗa shi tafiya da waɗanda ba 'yan garinsu ba, ya fi kowa kishin dabbar, domin ya san yadda take da wuyar samu yanzu. Wanda aka bari wata da watanni ba alawus kuwa, ko ɗan wane ne, sai an yi dace.

Na biyu ɗan makiyaya ne, ya yi difloma, yana jin Fulatanci kamar yadda yake jin Hausa. Mutane suna ɗauka farauta ce babbar matsalar dazuzzukan Arewa. A yau shigar shanu, da toya gawayi, da saran katako, da cin iyaka da noma, da haƙar ma'adinai sun fi ta ɓarna. Kuma makiyayin da ya kora garke cikin gandu sau da yawa ba ƙeta ce ta kai shi ba: burtali ya toshe, makiyaya ta zama gona, fadama ta zama lambu. Kama shi ba ya buɗe burtalin. Wannan abokin aikin nawa shi ke zama da arɗo da dagaci da sarkin noma a kan tabarma ɗaya, a yi ta jan magana har a cimma inda shanu za su sha ruwa da rani ba tare da sun kutsa tsakiyar daji ba. Rigimar da ya kashe da baki, da bindiga aka tunkare ta da an yi asarar rai. A Yankari, inda ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga riƙon aikin tsaron dajin tare da gwamnatin Bauchi tun 2014, an zaɓi mutane a ƙauyukan gefe aka ba su waya, aikinsu su sanar da zarar giwaye sun doshi gonaki, masu sintiri su zo a kora su. Manomin da giwa ta cinye wa dawa a dare ɗaya ba ya son jin wa'azin kare namun daji, wanda zai ɗauki wayarsa da tsakar dare yake so.

Sai kuma waɗanda ba ka ganinsu da bindiga ko kaɗan. Yanzu a wasu gandaye duk ayarin da ya fita sintiri yana riƙe da na'urar GPS, yana shigar da abin da ya gani: tarko, sawun babur, gawar dabba, kututturen maɗobiya da aka sare. In sun dawo, akwai mai zama gaban kwamfuta ya zuba bayanan a manhajar SMART, ya fitar da taswirar da za ta nuna inda aka taka da inda aka yi watanni ba a leƙa ba. Da ita ake tsara fita ta gaba, da ita kuma ake gane ayarin da ya je gindin kuka ya yi barci ya dawo da labari. Wanda ya karanta ilimin taswira ko kwamfuta, ga gurbinsa nan. Akwai masu ɗaura kyamara a jikin bishiya ta riƙa ɗaukar hoton duk abin da ya gifta, akwai masu bin giwayen da aka sa wa abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Akwai likitan dabbobi, irin waɗanda Zariya da Sakkwato ke yayewa, domin cutar da ke jikin shanu tana iya tsallakawa ga ɓauna, kuma ba kowa ke iya sa wa giwa allurar barci ta farka lafiya ba. Akwai lauya mai gabatar da ƙara. Shi kam na fi jin rashinsa, don na sha ganin an kwana ana fako an kama mutum da nama da bindiga, a je kotu shari'ar ta watse saboda ba a rubuta shaida yadda doka ta tanada ba. Direba, bakanike, mai kula da rediyon sadarwa, akanta, mai zagayawa da baƙi, mai shiga makarantu yana koyar da yara: duk ma'aikatan gandun daji ne.

Masu bincike su ma nasu layin daban. A dajin Amurum kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI, wadda ke ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos, kuma ɗalibanta sun bazu a Afirka ta Yamma. Irinsu ne ke shiga kwalekwale da sanyin Janairu a fadamun Haɗeja da Nguru suna ƙidayar tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai. A wannan layin na fi haɗuwa da mata, kuma ina faɗa ne don iyayen da ke ganin fannin ba na 'ya mace ba ne. Ɗakin gwaji, taswira, koyarwa, aiki da matan ƙauye a kan murhu mai cin itace kaɗan da tsintar kaɗanya, duk ba sa buƙatar kwanan daji, kuma akwai ƙofar gidan da namiji ba zai taɓa shiga ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da talakan ƙauye zai iya. A yankin Kure, gabas da Yamai, nan ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 guda 49 aka ƙirga, daga baya suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. 'Yan ƙauyukan wurin ne suka kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora, suka san kowace dabba da zanen jikinta. A can ɗin ne kuma, a watan Agustan 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ciki har da shugaban wannan ƙungiya.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ce na ɓoye masa. Aikin yana da haɗari. An rasa masu sintiri a Yankari a hannun maharba. Rashin tsaro ya durƙusar da yawon buɗe ido a Kamuku da Kainji. Falgore kanta ta yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har sojoji suka mai da wani sashenta filin atisaye. A gandun Birunga na ƙasar Kwango an kashe ma'aikata sama da 200, kuma ranar 31 ga Yuli ta kowace shekara duniya ke tunawa da irinsu. Ban da wannan ga maciji, ga ƙudan tsando, ga nisa da iyali, ga albashin da ba ya sa mutum ya yi gini a shekara biyu. Guraben gwamnati kaɗan ne, masu nema da yawa. Wanda kuɗi kawai yake so, gaskiya kasuwar Darki ta fi daji saurin ba shi.

Amma wanda ya ji zai iya, hanyar ba ta da nisa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil tana koyar da fannin gandun daji da kifi da namun dawa a tsangayar aikin gona, yaro zai iya zuwa daga gida ya koma. Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse su ma suna yi. Digirin shekara biyar ne, kuma ana son sakamako mai kyau a Turanci, lissafi, kemistiri, da bayoloji ko aikin gona. Mai son difloma, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga kwalejojin gandun daji na tarayya a Jos da Afaka ta Kaduna, ga kuma Kwalejin Kula da Namun Daji ta Tarayya a Sabuwar Busa, daf da Kainji, wadda ta horar da da yawa daga cikin manyanmu. Masu ƙaro ilimi a waje sukan tafi Garwa a Kamaru ko Mweka a Tanzaniya. Kuma takardar ba a gandun ƙasa kaɗai take ci ba: ma'aikatar muhalli ta jiha, gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano tun farkon shekarun 1970, shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, ƙungiyoyi masu zaman kansu, har da buɗe wurin renon dashe na kanka.

Abu ɗaya nake roƙon ɗalibanmu. Idan lokacin koyon aiki a waje ya zo, kada ka nemi ofishin da za ka sa hannu da safe ka dawo majalisa. Ka nemi a tura ka daji na gaske, ko da Yankari ce ko Baturiya. Ka koyi tuƙa babur a yashi, ka koyi karanta taswira, ka tsinci Fulatanci ko na gaisuwa ne. Ka zauna da tsofaffin maharba da masunta da masu magani na garinmu tun suna raye, ka rubuta sunan kowace bishiya da kowane tsuntsu da Hausa, ka nemo na kimiyya ka ajiye a gefe. Ka tambaye su yaushe rabon da su ga ungulu a mahauta. Mu da muka tashi muna korarta da dutse ba mu lura da ranar da ta ɓace ba, alhali tun 2015 aka sa irin wadda muka saba gani cikin jerin halittun da ke daf da ƙarewa a duniya, kuma guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu suna cikin abin da ya jawo. Ɗalibin da ya zagaya kasuwannin Wudil da Darki ya tattara wannan labari da kyau, ya riga ya samu abin rubuta kundin kammala digirinsa.

Iyaye kuma, a kula da masu zuwa da labarin cewa an buɗe ɗaukar ma'aikatan sabon gandu, a kawo kuɗi a saya wa yaro gurbi. Na san gidajen da aka sayar da tumaki saboda irin wannan, takardar da aka kawo musu kuma ta bogi ce. In aka ji sanarwa, a bincika a ofishin hukumar ko a ma'aikatar muhalli kafin a fitar da ko kwabo.