Darasi: Yadda Za Mu Soya Kifi Ya Yi Ƙamas Ba Tare da Ɓarnar Mai Ba

'Yan'uwa, kifi yana cikin abinci masu gina jiki da muke iya samu a ƙauyukanmu. Waɗanda ke kusa da Kogin Binuwai, ko madatsun ruwa irin su Kainji, Shiroro, Dadin Kowa da Kiri, suna samun ɗanye daga hannun masunta. Sauran kuma sukan sayi na ƙanƙara ranar kasuwa. Amma sau da yawa uwargida takan sayo kifi mai kyau, sai ya manne a kasko, ya farfashe, ya shanye mai. Kuɗin kifi ya tafi, mai ya tafi, itace ya ƙone, yara kuma ba su ci da daɗi ba.

A wannan darasi za mu koyi suyar karfasa domin abincin dare. Abu ɗaya za mu riƙe tun daga farko: ruwa da mai ba sa shiri. Kifin da aka tsane sosai, aka sa a mai mai zafi, shi ne ke yin ƙamas.

Zaɓen kifi

Aikin yana farawa tun daga kasuwa. Kifi mai kyau idanunsa suna ƙyalli, jan naman da ke cikin kunnensa yana nan jawur. Idan kin danna jikinsa da yatsa, wurin zai komo yadda yake. Idan kuwa idanun sun faɗa ciki, cikin ya yi laushi, ko yana wari, ki bar shi ko da an rage miki kuɗi. Zafin ƙasarmu yana lalata ɗanyen kifi da sauri, saboda haka a gyara shi da zarar an iso gida.

Mu kuma yi hankali da kifin da aka kashe da guba. Wasu sukan zuba maganin ƙwari, irin su Gamalin, a rafi domin kifi ya taso. Suya ba ta kawar da wannan guba. Ya fi kyau mu saya a hannun masuncin da muka sani.

Kayan da ake bukata domin mutum 6

Karfasa matsakaita 3, a raba kowace biyu
Man gyaɗa, gwangwanin madara 1
Garin masara mai laushi, babban cokali 4
Gishiri, ƙaramin cokali 1
Dakakken citta, tafarnuwa da barkono
Lemon tsami 1
Albasa 1

Matakan aiki

1. Ki kankare ɓamɓarokin kifin, ki cire kayan ciki da na cikin kunne. Ki kula kada matsarmama ta fashe, domin za ta sa naman ya yi ɗaci. Ki wanke da ruwa mai tsabta da lemon tsami. Idan tarwaɗa ce, ki fara zuba mata ruwan zafi ko ki goge ta da toka domin yauƙin ya fita.

2. Ki tsaga jikin kifin da wuƙa sau 2 ko 3 a kowane gefe. Wannan yana sa kayan yaji su shiga, zafi kuma ya kai har ƙashi.

3. Ki shafa gishiri da kayan yaji, ki ajiye a kwando a rufe na minti 10. Gishiri zai jawo ruwa daga jikin kifin. Kafin lokacin ya cika sai ki hura wuta.

4. Ki tsane kifin da ƙyalle mai tsabta, ciki da waje. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuwa mafi muhimmanci. Kifin ƙanƙara ma sai ya narke gaba ɗaya kafin a tsane shi.

5. Ki barbaɗa garin masara, ki kakkaɓe wanda ya yi yawa. Kada ki yi haka sai mai ya kusa zafi, domin garin da ya jima a jikin kifi yakan jiƙe.

6. Ki gwada zafin mai da yankin albasa. Idan ta fara soyuwa nan take tana kumfa, mai ya yi. Idan ta nutse shiru, ki ƙara jira. Idan mai yana hayaƙi, ya wuce kima, sai ki janye itace.

7. Ki sa yanka 3 kawai a lokaci guda, ki bar fili a tsakaninsu. Kada ki taɓa su har minti 4 zuwa 5. Idan ƙasan ya soyu, kifin zai saki kasko da kansa. Ki juya sau ɗaya, ki ba ɗaya gefen minti 4.

8. Ki duba wurin da ya fi kauri. Idan naman ya yi fari yana rabuwa da ƙashi, babu jini, ya nuna. Ki kwashe a kwando mai ya tsane. Kada ki rufe shi da zafinsa, gumi zai mai da shi laushi.

Me ya sa haka?

Ruwa yana tafasa a digiri 100, suya kuwa tana bukatar mai ya kai wajen digiri 180. Idan kifi ya shiga da ruwa, ko aka cika kasko, zafin mai yakan sauka, sai kifin ya koma dahuwa maimakon soyuwa. Yana daɗewa a wuta, yana shan mai. Amma a mai mai zafi fatar takan ƙafe nan da nan. Ta haka ake rage mai da itace.

Lafiyar iyali

A nisantar da yara daga murhu lokacin suya. Idan wuta ta kama mai, kada a zuba ruwa, domin wutar za ta tashi sama. A rufe kaskon da murfin ƙarfe, a janye itace.

A ci kifin da zafinsa, da dafaffen dankali, doya, shinkafa ko kwaɗon zogale. Mu tuna da rabon yara da mata masu ciki da masu shayarwa, domin su ne suka fi bukatar abinci mai gina jiki. Yaron da ya cika wata 6 zai iya cin naman kifi, amma uwa ta cire ƙaya da hannunta, ta murmushe shi cikin fate. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara kada a bar dafaffen abinci a ajiye fiye da awa 2 ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Don haka a soya daidai wanda za a cinye. Man da ya rage a tace shi a rufe, amma idan ya yi baƙi ko yana wari, a zubar.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne irin kifi ake samu a yankinmu, kuma a wane lokaci suka fi araha?
2. A gidajenmu, wa ke samun babban yanka, wa ke samun kai da wutsiya?
3. Me za mu yi tare da dattawan gari domin a daina zuba guba a rafinmu?

Aikin gwaji: a taronku na gaba, ku soya yanka biyu, ɗaya a tsane, ɗaya da ruwansa. Ku auna man da ya rage bayan kowanne, ku ɗanɗana, sa'an nan kowa ya faɗi abin da ya gani.