Ciwon Jiki Da Tushensa Yake A Wuya

'Yan uwa mata, darasinmu na wannan fitowa a kan wani ciwon jiki ne da ake yawan ɗora wa aikin gida ko sanyi, alhali tushensa yana gaban wuya. Mace za ta ce cinyoyinta da kafaɗunta sun yi tsami, tashi daga tabarma sai ta dafa bango, ɗagowa daga sujada ya zama aiki, ɗaga taɓarya ko tulu kuwa ba a magana. Da dare ƙwaurinta ya riƙa ɗaurewa. A garuruwanmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda mace ke haɗa daka da ɗiban ruwa da aikin gona, wa zai yi mamakin ciwon jiki? Sai a aika yaro kemis ya sayo maganin gajiya, a yi ta sha wata da watanni.

A gaban maƙogwaro akwai wani ɗan nama mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiransa tairod. Shi ne wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinsa fitar da sinadarin tairoksin, wanda ke tsara saurin da jiki ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Idan sinadarin ya yi ƙaranci komai sai ya yi sanyi: kasala, yawan barci, jin ɗari ko da ana zafi, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, kumburin fuska, rikicewar al'ada, wani lokaci har da jinkirin samun ciki ko ɓari. Tsoka ma ba ta tsira, domin ta rasa abin da ke ba ta kuzari. Tun a 1897 wani likita Bajamushe, Johann Hoffmann, ya bayyana masu wannan cuta da tsokarsu ta yi kauri da tauri amma ba ƙarfi.

A cikin tsoka akwai wani sinadari da ake rubutawa CK a takardar gwajin jini. Idan tsoka ta wahala sai ya tsiyayo cikin jini, jikin mai ƙarancin tairoksin kuma ba ya kwashe shi da wuri, sai adadinsa ya hau. To amma hawan CK shi kaɗai bai nuna cutar ba. Wuni guda na surfe ko allurar da aka yi a ɗuwawu suna iya ɗaga shi, haka ma magungunan rage kitse a jini. Shi ya sa likita kan ce ki huta 'yan kwanaki a sake gwaji. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin TSH. A ganina duk macen da ciwon tsoka ya ƙi barinta, ga kasala ga jin sanyi, ta buɗe baki ta tambayi likita ko ya dace a yi mata shi. Idan babu a babban asibitin Tudun Wada ko na Doguwa ko na Tiga, sai a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maigida ya taimaka da kuɗin mota, don sun fi sauƙi a kan kuɗin ƙwayoyin kashe zafi masu cin ciki da ƙoda.

Me ke kawo ta? A da ƙarancin aidin ne kan gaba, har a 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri. Ki sayi na leda mai shaidar NAFDAC, ki rufe shi, domin wanda ke shan rana da danshi a buɗe aidinsa na raguwa. Sai dai gishiri ba ya maganin kowace iri. Akwai wadda garkuwar jiki ce ke cin tairod ɗin, kuma ta fi kama mata. Akwai mai zuwa cikin shekarar farko bayan haihuwa, a yi ta cewa wahalar jego ce. Wadda ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, sannan nono ya ƙi zuwa al'ada ta ɗauke, lallai ta gaya wa likita. Rashin maƙoƙo a wuya bai kore cutar ba.

Maganin ƙwayar tairoksin ce, sau ɗaya a rana da ruwa, kafin karyawa da minti 30 zuwa 60. Maganin ƙarin jini da na ƙashi a ba su tazarar awa 4, don suna hana ta shiga jiki. Da azumi a shirya da likita, ko kafin sahur ko lokacin kwanciya. Bayan mako 6 zuwa 8 za a sake gwaji a daidaita adadi. CK kan sauka cikin makonni, amma ƙarfin tsoka yana iya ɗaukar watanni, kada ki yi fushi ki daina. Da yawa za su sha ta har iya rayuwa. Mai ciki ba ta dainawa, sau da yawa ma ƙara mata ake yi saboda ƙwaƙwalwar jariri.

Idan kuwa ciwon tsokar ya tsananta, fitsari ya koma kalar baƙin shayi ko ya ragu, wannan ba na jiran gobe ba ne. A tafi asibiti a ranar, ƙoda ce ke cikin haɗari.