Ziyarar Gidan Mambayya: Jan Hankali Ga Mutanen Ƙasar Gwandu

Mutanen Birnin Malam da maƙwabtansu na Jega da Aliero da Maiyama sun san ziyara tun kaka da kakanni, domin da wuya a sami gidan da ba a taɓa fita daga cikinsa an nufi Gwandu wurin kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba, ko an zarce Hubbaren Shehu a Sakkwato. Amma akwai wani gida a unguwar Gwammaja cikin birnin Kano wanda fatakenmu, masu albasa da masu hatsi, suke wucewa kusa da shi ba su tsaya ba, alhali kuwa mai gidan, Malam Aminu Kano, haƙƙinsu ya ƙare rayuwarsa yana nema. Ana kiran wurin Gidan Mambayya, da laƙabin mahaifiyarsa, kuma a nan aka binne shi da Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu, 1983.

Kada wani ya ce me ya haɗa mu da Kano. A Kano Malam Abdullahi ya tsaya sa'ad da ya bar jama'a don ɓacin rai da ganin son duniya ya fara shiga zukata, a can kuma ya wallafa Diya'ul Hukkami don koya wa masu mulki hukuncin adalci. Shehu kansa, cikin Kitabul Farƙi, ya lasafta jangali da gaisuwa cikin zaluncin da ya wajaba a kawar. Malam Aminu, wanda aka haifa a 1920 a gidan malanta, mahaifinsa Malam Yusufu yana muhuti a kotun alƙali, da irin waɗannan hujjoji ya yi ta ƙalubalantar sarakuna da En'e, har suka rasa yadda za su ce bidi'a ya zo da ita. Mai tafiya Kano ta hanyar Gusau ma sai ya ratsa Maru, inda Malam ya koyar a makarantar horon malamai kafin ya ajiye aikin gwamnati a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyarsa ta NEPU.

Yaro na yau, da bai taɓa ganin dogari ya tsaya a ƙofar gida ba, ba zai gane nauyin abin ba sai dattawa sun ba shi labari. Lokacin haraji, magidancin da fari ya cinye gonarsa sai ya sayar da akuyar matarsa, ko irin da ya ɓoye don shuka, in kuwa bai cika kuɗin ba a zaunar da shi cikin rana a ƙofar dagaci, ko a yi masa bulala a gaban 'ya'yansa. Bafillace kuma ya kwana yana kora shanu cikin daji don gudun masu ƙidaya. Wanda ya buɗe baki aka ce ya yi wa sarki rashin ladabi, sai gidan yari. Haka 'yan NEPU suka sha ɗauri da duka, mata ma ba su tsira ba, ga Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya shaida. Sai a 1979, da jam'iyyar Malam Aminu ta PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a jihohinsu.

To, wanda Allah ya nufa ya isa gidan, ya fara da kabari, ya yi sallama kamar yadda sunna ta koyar, ya roƙa wa mamaci gafara, ba ya roƙi mamaci ba. Daga nan ya shiga ɗakunan da Malam ya zauna, ya dubi ƙanƙantarsu da littattafansa, yana tuna cewa wannan mutum ya yi ɗan majalisar tarayya a Ikko, ya riƙe ma'aikatar sadarwa da ta lafiya zamanin Gowon, ya tsaya takarar shugaban ƙasa, amma nan ne iyakar abin da ya gina wa kansa. A ganina wannan dubawa ta fi dukan jawabin da za a yi masa, musamman a zamanin da mai riƙe da ƙaramin muƙami kan ta da bene kafin ya cika shekara. Masu sa jar hula irin tasa kuwa sun yi yawa, ba duka ne suka ɗauki zuhudunsa ba.

Gidan yanzu yana hannun Jami'ar Bayero, wadda ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, da zauren taro mai sunan Malam Sa'adu Zungur, abokin gwagwarmayar Malam Aminu tun zamansu a Bauci. Ɗan ƙasarmu ne, Farfesa Attahiru Jega, ya shugabanci cibiyar a farkon kafa ta, tun bai zama shugaban hukumar zaɓe ba. A watan Afrilu akan yi taron tunawa da Malam, saboda haka shugabannin makarantunmu da ke da nufin kai ɗalibai, su rubuta wa cibiyar tun da wuri, su kuma tafi da dattijo ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka biya haraji da hannunsu.